Wadda Ta Riƙe Zanen Wankan Farida

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanwata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Malam Tukur da yaranku baki ɗaya. Yaya Alƙahira, yaya baƙunta, yaya fama da ɗawainiyar gida babu mai kama miki? Yaya karatun Malam, an kusa ganin ƙarshensa kuwa? Allah ya ba shi sa'a, ya raya muku zuri'a, ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. In kin tambayi mutanen gida, kowa yana nan yadda kika bar shi, sai godiyar Allah. Ɗan'uwanmu Ummaru ya kwashe shinkafarsa ta rani a Bakalori, bana tsuntsaye sun raga masa, har ya aiko mini da rabona. Amira, ɗiyar ƙanwarmu marigayiya Farida, tana wajen kakarta a Maradun. Ta yi tsawo, ta ɗauko tafiyar uwarta sak, in ta juya baya sai gaban mutum ya faɗi. Hanyar Maradun ɗin dai sai addu'a, ba ma bin ta sai rana ta ɗaga kuma an tambayi direbobi.

Jikin Inna ne ba daɗi. Na san kina jin muryarta kowace Juma'a, amma murya ba ta nuna kumburin ƙafa, kuma kin san halinta, in ta ji ke ce sai ta gyara zama ta ce ta samu sauƙi. Likita ya ce zuciyar ta gaji, a yi ta lallaɓawa. Ita ma ta sani. Ta raba zannuwanta, ta sa an sayo likkafani an ajiye mata a adaka. Kwanan nan ta kira Ummaru da limamin unguwarsu a Bakura ta yi wasiyya, kuma ina cikin wasiyyar. Ta ce ranar da ta cika, kada a bar Sakinatu ta shiga ɗakin da za a wanke ta. Ta ce Bilkisu ta wanke ta, in kuwa Bilkisu ba ta ƙasar, a nemo matan unguwa ko da waɗanda ba ta shiri da su ne. Ummaru ya hau babur ya zo har Mafara ya faɗa mini, tun da ya fara magana har ya gama yana kallon takalminsa. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Za ki ce yau kuma Yaya ta koma zamanin da, ga waya a hannu tana rubuta takarda. To, wayar ce ba na so. Abin da aka faɗa a waya kafin a sauke tukunya ya zaga garuruwa uku, ni kuwa na ƙoshi da zagaya gari. Hajiya Lailatu, yayar mijinki, za ta zo nan wajenku ganin likitan ido, na ba ta wannan a liƙe na ce hannunki kawai. Ba ta tambaye ni abin da ke ciki ba, Allah ya saka mata.

Kin san aikina, amma bari in tuna miki, don na ga alamar nisa na sa mantuwa. Tun ina amarya Gwaggo Barira, Allah ya jiƙanta, ta fara jana zuwa wankan gawa. Ni ke ɗauko ruwa, ni ke daka ganyen magarya, har ta yarda hannuna ya nuna ta sakar mini. Abu na farko da ta koya mini ba yadda ake zuba ruwa ba ne. Cewa ta yi abin da ido ya gani a wannan ɗakin, a nan ake barinsa, ko miji bai ji, ko uwa ba ta ji. Malam mahaifinmu ma ya nanata mini, ya ce amana ce ta wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. A kan haka na tsufa. Daga Mafara har Bakura, har Tsibiri an sha aiko mini da babur, in an yi rasuwar mace sai a ce a kira Sakinatu, bakinta a rufe yake. Ba ni da digiri irin naki, ban taɓa hawa jirgi ba, wannan ɗin ne abin da nake da shi, kuma wallahi ina alfahari da shi. Inna ma tana yi. Ta sha faɗa a gaban mata cewa ita ba ta da fargabar ranarta, tunda ta haifi mai yi mata sutura.

Sai ga maganar littafin Farida. Ke kin san mu duka ba mu san tana rubutu ba sai bayan ta rasu. Malama ce mai kunya, ta je garin Kaya ta koyar ta dawo, ko dariya ba ta yi da ƙarfi. Ashe a cikin motar nan da take shiga kullum take danna wayarta tana rubuta labari, tana sa wa kanta suna 'Yar Bakalori. Ni ta taɓa karanta mini wasu wurare tana cewa na wata ƙawarta ne, in ce mata wannan ƙawar taki Allah ya shirye ta, ta hana mutum barci. Hannun Aro ta sa wa littafin. Labarin wata mata ce da ke rubuta wa wata shahararriyar marubuciya littattafai a ɓoye, ita tana ɗaki tana zufa, waccan tana yawon karɓar yabo, har suka fara kama da juna a magana da shiga da komai. A ƙarshe aka tsinci gawar ɗaya daga cikinsu, fuskar ba ta ganuwa, littafin ya ƙare ba a san wace ce ta mutu ba. Mata suka haukace a kansa. Da Farida ta rasu, Alhaji Nagode, mutumin Gusau da ke buga mata, ya sanar wa duniya ko wace ce 'Yar Bakalori, ba tare da ya shawarci kowa a gidanmu ba. Na tuna abin da kika ce a lokacin. Kika ce abin kunya ne ɗiyar malamai ta ɓata lokacinta a kan tatsuniyar 'yan mata, ke ko an ba ki kyauta ba za ki buɗe ba. Inna ta ji daɗin maganarki ƙwarai.

Bayan an kwana biyu, ƙura ta lafa, sai kawai aka wayi gari da kashi na biyu. Alhaji Nagode ya ce wai marigayiya ta bar shi a rubuce, danginta suka miƙo. Babi-babi ake sakinsa a waya, ga kuma wata mai zaƙin murya da ke karanta shi ga waɗanda ba su iya karatu ba. Ni ban kula ba, ina ta harkata. Abin da na fara lura da shi shi ne an yi rasuwa a bayan gidanmu, bango ɗaya ya raba mu, ina zaune da mayafina a kafaɗa ina jiran a aiko, sai na ji an wuce da makara. Na ce ƙila sun yi baƙuwa mai iyawa. Aka sake yin wata, aka sake. Na shiga gidan gaisuwa, wata ta ja zanenta ta rufe ƙafarta kamar na zo ƙirga mata tabo. A bakin wata tsohuwa da ba ta iya ɓoye-ɓoye na ji dalili. Ta ce mini ai duk gari ya ji yadda aka wanke Farida, har da farin tabon da ke bayanta, kuma kowa ya san wa ya yi wankan.

Bilkisu, ranar ko sallama ban yi musu ba. Na dawo gida na sa aka nemo mini karatun, na zauna a tsakar gida da rana tsaka na kunna. Babin farko na kashi na biyu wankan gawa ne. An kawo matar nan da ba a gane ba, mata uku suka shiga da ita ɗaki. Ga tsohuwa mai yanar ido a wajen kai, tana ta neman kafur alhali yana ɗaure a bakin zanenta. Ga butar da hannunta ya karye aka ɗaure da igiyar buhu. Ga taga da aka toshe da tabarmar salla saboda labulen ya gaza. Ɗakin Farida ne na Maradun, ko makaho aka karanta wa zai gane. Sannan aka juya gawar, aka ga farin tabo shimfiɗe daga kafaɗa zuwa kwankwaso, da shi aka gane wace ce ta mutu cikin matan biyu. Ana gama faɗin haka mai karatun ta tsaya aka sa tallar maganin basir.

Kin san mutanenmu da alamar jikin mamaci. Ciwon fata ne kawai, irin wanda ke sa wuri ya yi fari, ba ya zafi, ba a ɗauka. Amma kafin mako ya zagayo an mai da shi wani abu. Wasu suka ce kuturta ce take ɓoyewa. Wasu suka ce hatimi ne aka buga mata saboda ta ƙare rayuwarta tana shara ƙarya da sunan da ba nata ba, wai ba ta cika da kyau ba. Yarinyar da ta cika da kalmar shahada a kan cinyata! 'Yan waya kuma suka ɗauki nasu shirmen, masu cewa ba ta mutu ba tana ɓoye a wani gari, masu cewa ta hango wankanta tun tana da rai. Ma'aruf, mijinta, ya je Bakura yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya shaida wa Inna tabon gaskiya ne, bayan haihuwar Amira ya fito mata, ta roƙe shi kada kowa ya sani har Inna, shi kuma bai taɓa furtawa ba. Ya ce shi bai shiga ɗakin wanka ba, bai san zancen buta da kafur ba. Lissafin ya zama mai sauƙi ga kowa. Gwaggo Barira ba ta gani sosai, ba ta iya boko ba, kuma ta riga ta bi Farida. Bilkisu tana Masar, matar malami, ta tsani irin waɗannan littattafan. Saura Sakinatu, wadda wayar marigayiya ke hannunta, wadda aka sha gani Farida na karanta mata abu a ɗaki. Wayar da tun ranar bakwai ban kunna ta ba, tana cikin kwalla ta mutu murus.

Ban zauna ba. Na shiga mota na tafi Gusau na nemi shagon Alhaji Nagode. Ya karɓe ni da fara'a har da sa a kawo lemo, ya ce ashe yau ga babbar baƙuwa. Na ce masa ya dubi Allah ya faɗa wa mutane ba ni ke aiko masa ba. Ya yi dariya, ya ce shi kansa bai taɓa ganin mai aikowar ba, saƙo ne ke shigowa, kuma an yi masa sharaɗin in an tambaya ya ce daga dangi ne. Ya ce ko ya sani ba zai faɗa ba, don rashin sanin nan shi ke sa mutane rububi, ranar da aka sani ranar kasuwa za ta watse. Har da ba ni shawara, wai in bar mutane su yi ta zato, ai ɗaukaka ce, akwai matan da ke neman a ce su ne ba su samu ba. Ya ƙara da cewa kashi na biyun ya fi na farko armashi nesa ba kusa ba, duk wadda ta rubuta ta fi marigayiya hannu. Na tashi na bar masa lemonsa ban taɓa ba. Abin haushin, a wannan maganar ta ƙarshe bai yi ƙarya ba. Na saurara, na ji. An iya.

Ban je Gusau don in san ko wace ce ba. Na je ne ko zan samu wanda zai wanke ni ba tare da na buɗe baki ba. Tun a tsakar gidana na sani, tun kafin a sa tallar. Zan faɗa miki abin da ya faru a ɗakin nan, kuma ban karya amana ba, don kina ciki. Kin zo hutu lokacin, kika ce ke ma za ki shiga ki yi wa ƙanwarki hidimar ƙarshe, na ji daɗi na ce ki riƙe zane ki zuba ruwa. Da aka zo wanke baya, ni na jawo ta zuwa ƙirjina, hannuna ɗaya a kafaɗarta, ɗayan naɗe da ƙyalle yana ƙarƙashin zane. Fuskarta ce a wajena, bayanta yana wajenki. Kika saki gefe ɗaya don ki ɗauki buta, zanen ya zame. Na ga fuskarki ta canja. Na tambaye ki lafiya, kika ce ba komai, a ƙara ruwa. Haka yake a littafin, kalma da kalma, har da a ƙara ruwan. Tabon nan ba tudu gare shi ba, hannu ba ya jin sa. Ni da ake zagi a kansa, wallahi tallahi ban taɓa ganinsa ba. A bakin mai karatun waya na fara jin cewa ƙanwata tana da shi.

Na yi ta juya abin a raina ina nema miki hanzari. Na tuna ke ce mai ba mu labari muna yara, in kin fara ko tuwo ba ma so. Na tuna ranar da Malam ya kama ki kina cika takardun makaranta da labarin aljanu ya ce ɗiyarsa ba za ta zama maƙaryaciya ba, kika yi kwana da kwanaki ba ki ci abinci ba. Na san ya yi miki ciwo da kika ji Farida, wadda ko tatsuniya ba ta iya kaiwa ƙarshe, ita ce ta yi abin da aka hana ki, ta kuma yi suna. Da kin ce mini kina son ki ƙarasa mata labarinta, ni mai rufa miki asiri ce, ai rufin asiri ne sana'ata. Ki ɗauki sunanta, ki ɗauki mutanenta, ki yi ta yi har kashi na goma, ba ruwana. Amma duk faɗin kanki, duk karatun da kika yi, kika rasa abin da za ki warware labarinki da shi sai bayan ƙanwarki tana kwance ba ta iya jan zane. Wannan ne na kasa nema miki hanzari a kai, na yi iya yina.

Inna ta ji karatun kafin in kai gare ta. Matan gidan da ke maƙwabtaka da ita ke kunna shi suna tsinkar zogale, ta ji ta kan katanga. Da na je, ba ta amsa gaisuwata ba sai da na maimaita. Na durƙusa na ce mata ban rubuta ba, ban ba kowa labari ba. Ta ce mu uku ne a ɗakin, Barira tana kabari, to in fito fili in faɗa mata ko Bilkisu nake nufi. Ta ce in na ce ke ce, in kawo hujja. Hujjata kuwa ita ce in ce ga yadda muka juya ta, ga inda zane ya zame, ga wanda ya ga me. Wato in tsaya a gaban uwa in buɗe ɗakin wankan ɗiyarta don in tabbatar ni ba mai buɗewa ba ce. Sannan ina kallon ƙafafun nan nata da suka kumbura, ina kallon wayar da take ajiyewa a ƙarƙashin filo tun daga Alhamis don kada kiranki ya wuce ta. Ta binne ɗiya ɗaya, ta yanke ƙauna da ta biyu, in na karɓe mata ta ukun ban san ko za ta kai Juma'a ba. Na ja zane na rufe mata ƙafafun. Ta ce ta ji amsata, in tashi in kama hanya kada mota ta ƙare.

Duk wannan na haɗiye, kuma da na ci gaba da haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da Ummaru ya faɗa mini ranar da ya kawo zancen wasiyya. Ya ce yana zaune kika kira, Inna ta kai miki ƙarata tana kuka, kika yi ta ba ta haƙuri. Ya ce kin ce mata a yi wa Yaya uzuri, ɗan Adam ajizi ne, ƙila baƙin cikin rashin Farida ne ya taɓa ta, ta daure ta yafe mata. Ya ce har ayar yafiya kika ja mata. Yana faɗa yana yabonki, wai Bilkisu akwai zuciya mai kyau. Kai, Bilkisu! Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba, har ya tsorata ya ɗauka na zautu. Na gode da ceton. Ban taɓa jin an roƙa wa mutum gafara ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi ba sai ranar.

Ga abin da nake so, kuma ba shi da yawa. Ba na neman ki fito duniya ki tona kanki. Mutanen Mafara su ci gaba da jan zanensu in sun gan ni, na saba. Alhaji Nagode ya ci kasuwarsa. Mutum ɗaya nake so ya sani. Juma'ar da ta biyo bayan isar wannan takarda, in kin kira Inna, ki faɗa mata da bakinki. Ke kin iya magana, za ki san yadda za ki jera ta ba tare da ta kashe ta ba, ni in na faɗa ƙara ce, ke in kin faɗa tuba ce, kuma uwa tana iya ɗaukar tuba. Ba sai kin ambaci zane ko buta ba. Ki ce mata kawai Yaya ba ta da hannu. Ni ba zan faɗa ba, ko yau ko bayan ranta, kin san wannan, ina jin ma shi kika dogara da shi tun farko. Sai dai ki yi sauri, don likitan bai yi mana alkawarin komai ba.

In kuma kin ga ba za ki iya ba, to wasiyya wasiyya ce, ba zan tsallake ta ba. Ummaru ya ce kuna shirin zuwa bayan salla. In Allah ya sa kina nan abin ya faru, ke za ki shiga, kuma ba ki taɓa yi da hannunki ba, don haka ki riƙe waɗannan. Inna ba ta son ruwan sanyi, a sirka shi ya yi ɗumi, ki gwada da gwiwar hannunki. Kafaɗarta ta hagu ta taɓa gocewa tun faɗuwar da ta yi a bakin rijiya, in za ki juya ta ki tallabe ta ta ƙasa, kada ki ja hannun. Ki fara da dama. Kafur a ruwan ƙarshe ake sa shi, kaɗan, kada a cika. Gashinta ki warware a hankali ki raba uku, akwai wurin da ya yi sanƙo a ƙeya tana jin kunyarsa, ki rufe mata da sauran. Ki riƙa yi mata magana ƙasa-ƙasa, ni haka nake yi musu. Magarya kuwa kada ki damu, ni zan tsinko a bishiyar bayan gida in daka, in dafa ruwan in kawo har bakin ƙofa in ajiye. Wasiyyar ɗaki ta hana ni, ba ta ce komai a kan bakin ƙofa ba. Zan tsaya a nan har ku fito.

Ki gaishe mini da Malam Tukur da kyau, ki ce ina yi masa fatan gamawa lafiya. Ki shafa mini kan Fa'iz da Taibatu, ki ce Mamansu ta Mafara tana nan tana ajiye musu ƙuli-ƙuli. Ki kula da Hajiya Lailatu, ba ta son abincin waje, ki yi mata tuwo ko sau ɗaya ne. Ummaru da iyalinsa suna gaishe ki. Ma'aruf ya ce in na yi magana da ke in isar da gaisuwarsa, ya ce bai manta da yadda kika tsaya a kan makokin matarsa ba. Amira ma tana gaida Mamanta ta Masar, ta fara tambayar me ya sa yara ke cewa a duba bayanta.

Takardar nan in kin gama ki ƙona ta, don akwai ɗakin Farida a ciki. Ban rubuta miki ita don ta shiga kashi na uku ba. Allah ya ba Inna lafiya, ya jiƙan Malam da Gwaggo Barira da Farida, ya rufa mana asiri duniya da lahira. In ranar ta zo kina ciki ina waje, abu ɗaya na roƙe ki. Ki bari wata ta ɗauki buta, ke ki riƙe zanen da hannu biyu.

Wassalam.

Yayarki,
Sakinatu Misbahu